Tabar da Na Sha wa Kawu

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, likitan ƙashi ne. Shi ya karɓe ni lokacin da na zo karatu College Park a ƙasar Amurka, kuma ko bayan na samu aiki na yi aure, ban daina zuwa gidansa a Gaithersburg duk ranar Lahadi ba. Mu ci tuwon da matarsa Hajiya ta tuƙa, mu yi la'asar, sannan ya ɗauko wani akwatin katako daga ɗakin karatunsa mu fita barandar bayan gida.

Taba ce a cikin akwatin, amma ba sigari ba. Irin babbar nan ce mai kaurin babban yatsa, wadda ake naɗe ganyenta da hannu, launinta kamar na dabino. Wani da ya yi wa aikin tiyata a ƙugu ne ya fara ba shi kyautar guda uku, tun kafin zuwana. Ɗaya yake sha a mako, ba ya ƙarawa. Hajiya ta yi faɗa har ta gaji. Abin da ta samu kawai, ba ya shiga falo da rigar da ya sha tabar da ita.

Bai taɓa yi mini tayi ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Ina dai kallonsa yana sansana ta, ya datse kanta da ɗan almakashi, ya kunna doguwar ashana yana jujjuya bakinta a saman wutar har ya kama. Ba ya haɗiye hayaƙin. Yakan bar shi a baki, sannan ya sake shi a hankali.

"Farkonta yaji ne, kamar masoro," in ji shi. "Tsakiyarta gyaɗar da aka soya a yashi. Ƙarshenta ɗacin goro, irin wanda zaƙi ke biyowa."

Takan kai fiye da awa ɗaya kafin ta ƙare, kuma a wannan awar ce kaɗai Kawu ke sakin baki. A nan na ji labarin gonar audugar kakana a Funtuwa, da yadda mahaifiyata ke goya shi zuwa makaranta in ya ƙi tafiya.

Sai cutar korona ta zo. Ta kwantar da shi kusan mako uku a asibitin da yake aiki. Ya fito a rame, yana dogara sanda, muka gode wa Allah. Ƙarfinsa ya dawo sannu a hankali, amma hanci da harshe ba su dawo ba. Hajiya takan je har kantin kayan Afirka a garin Wheaton ta sayo daddawa da kuka, ta yi miyar da ya fi so. Ya yi loma biyu, ya ce alhamdulillahi, ya janye hannu.

Wata Lahadi, lokacin da ganyen itatuwa ya fara ja yana zuba, ya ce in ɗauko masa akwatin. Rabonsa da shi ya fi shekara. Ya yi komai yadda ya saba, ya zuƙa, ya jira. Ya sake zuƙa.

"Ɗumi kawai nake ji," ya ce. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya miƙo mini. "Karɓi."

"Kawu, a gabanka?"

"Ni na sa ka. Sha ka gaya mini abin da ka ji."

Kunya ta kama ni, amma na karɓa da hannu biyu. Zuƙar farko ta sarƙe ni, na yi ta tari. Ya ce in daina haɗiyewa, in bar shi a baki kamar ruwan alwala. Da na yi haka sai na ji wani yaji-yaji a gefen harshe.

"Kamar masoro," na ce.

"Wannan maganata ce, ɗana. Taka nake so."

Na sake gwadawa. "Kamar ƙanzon tuwo, wanda ya ɗan kama a tukunya."

Ya yi wata 'yar dariya, ya rufe ido. "Ƙanzo. Duk shekarun nan ban taɓa jin ƙanzo a cikinta ba. Ci gaba."

Na ci gaba. Da ta kai rabi hayaƙin ya yi laushi, wani zaƙi kamar na mazarƙwaila ya fito, na gaya masa. Gaskiya ita ce na ji daɗinta ƙwarai, kuma wannan ne ke damuna har yau. Ina jin daɗi, shi yana zaune hannuwansa a kan gwiwa yana jiran abin da zan ce. Hajiya ta hango mu ta ƙofar gilashi. Na yi tsammanin faɗa, sai ta kawo mana shayi ta ajiye, ta koma ciki.

Mun yi haka Lahadi huɗu ko biyar, har sanyi ya hana zaman baranda. Da sanyin ya wuce ya ajiye aiki, suka sayar da gidan suka koma Funtuwa. Yana ganin wataƙila abincin gida ya farkar da harshensa. In na kira shi na tambaya, sai ya ce, "Har yanzu dai," ya shiga tambayar iyalina.

Da damina ta biyu ya rasu. Ina wurin aiki saƙon ya shigo, kuma kafin in tashi an kai shi makwancinsa. Sai bayan kwana arba'in na samu zuwa ta'aziyya. Na tarar da mahaifiyata ta tsufa fiye da yadda nake ganinta a waya. Ta riƙe hannuna tana kuka, tana cewa ƙaninta ya ƙarar da yawancin rayuwarsa a ƙasar mutane, bai san wani jin daɗi ba sai aiki da hidimar dangi. Hajiya na zaune a gefe, muka haɗa ido. Na ce wa mahaifiyata haka ne, Allah Ya jiƙansa da rahama.