Ɗakin Hajja Yakaka

Mala Tasi'u maginin ƙasa ne a Guri, shekara arba'in yana wannan sana'a. Mutum ne siriri, ba ya sauri, kuma ba ya fara gini sai ya murza ƙasar wurin a tafin hannunsa ya shinshina.

Tun bayan ambaliyar da ta rushe gidaje da yawa a unguwarsu, mutane suka koma bulo da kwano. Shekara biyu ba wanda ya kira shi. Har ya fara tunanin komawa noman shinkafa gaba ɗaya.

Sai Hajja Yakaka, mai sayar da bandar kifi, ta aika masa ya zo ya gina mata ɗakin ƙasa. Ɗanta Abdulwahid, malamin makaranta a Haɗeja, ya gina mata ɗakin bulo mai kyau, amma da bazara sai ta wuni a gindin bishiyar maina.

"Mala, yaron nan bai gina min ɗaki ba," in ji ta. "Wurin banda ya yi min, ni ce kifin."

Abdulwahid ya yi dariya, amma bai yarda ba. "Baba Mala, ba raina aikinka na yi ba. Ruwa in ya dawo, ɗakin ƙasa narkewa zai yi da Hajja a ciki."

Mala ya san in wannan aiki ya kuɓuce, da wuya wani ya sake zuwa. Bai yi gardama ba. Ya ja Abdulwahid zuwa jikin mainar, ya nuna masa zanen da ruwa ya bari a ɓawonta, daidai gwiwa.

"Nan ya tsaya. Bulonka ya kai min nan, ka ƙara kamu ɗaya. Daga can sama, ka bar min."

Haka aka yi. Mala ya kwaɓa ƙasa da ciyawa, ya bar ta ta ruɓa kwana bakwai, duk da Hajja kullum sai ta leƙo ta ce ya cika nawa. Ya ɗora tubali mai kauri, ya jera azarar giginya, ya yi rufin soro da indararo dogaye don ruwa ya zuba nesa da bango. Tagogi ƙanana ya buɗe can sama, ta inda zafi zai fita. Da Abdulwahid ya kawo siminti a yi yaɓe, Mala ya hana, ya ce ƙasa tana son numfashi.

Damina biyu ta wuce, bangon bai motsa ba. Yanzu Mala yana da ayyuka uku a Guri, ɗaya a Kaugama.

Wata ranar Asabar, bayan azahar, Abdulwahid ya miƙe a tabarmar Hajja cikin ɗakin ƙasar yana minshari. Ta tsaya a kansa da mafici.

"Tashi, malam! Ga naka can na bulo, a buɗe yake."