Matar Da Ta Sa Mijina Ya Ci Abinci

In lokacin kaka ya shigo ƙauyenmu na Anorzor, kafin masu tsinkar auduga su hau mota, Sharofat-opa, wato Yaya Sharofat a yarenmu, tana cikin lambunta da bokiti. Ba ta fara tsinkar komai sai ta tsaya ta tuna marasa lafiyan unguwa: wa aka cire wa haƙora, wace tsohuwa ce ta daina tauna, wa aka sallamo daga asibiti. Sannan ta duƙa. Wannan kabewar ta gidan wane ce, karas ɗin nan na tsohuwar bayan masallaci ne. In rana ta ɗaga za ka gan ta a hanya da farin kallabinta, bokiti a hannu ɗaya, a ɗayan kuma blandarta naɗe cikin tsohon mayafi kamar mai ɗauke da jaririya. Ɗanta ne ya aiko mata da ita tun yana aiki a Rasha. Murfin ya tsage, da tafin hannu take danne shi in tana markaɗe.

A asibitin gundumarmu ta yi girki har ta tsufa. Da ta ajiye aiki ba ta ajiye ludayi ba. Holmat mai tarakta zai ba ku labari, domin lokacin da ya faɗi muƙamuƙinsa ya karye aka ɗaure masa baki da waya, ita ce ta riƙe shi da miya ta tsinken shan lemo har ya warke. Yanzu duk inda ya gan ta sai ya sauko daga kan tarakta ya dafa ƙirji. Ita kuwa sai ta ce masa, "Hau abinka, Holmat, da bakinka yana ɗaure ka fi daɗin zama."

Ni dai abin da na gani da idona zan faɗa.

Mijina Nurmat ya faɗi ne ƙarshen zafi, yana gyaran rumfar inabi. Aka dawo mana da shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye, baki ya karkace, haɗiya ta zama wahala. Ko ƙwayar shinkafa ɗaya ta bi maƙogwaronsa sai ya ƙware har fuskarsa ta yi baƙi. Ga shi an riga an sa bikin 'yarmu Zarnigor bayan an gama auduga. Yarinya ba ta fita ƙofar gidan ubanta sai ya buɗe tafukansa ya sa mata albarka. In babu uba kawu yana yi, amma kowa ya san ba ɗaya ba ne. Likita bai ɓoye mana ba. Ya ce in ya ci abinci zai kai, in bai ci ba, ba zai ga ƙarshen auduga ba.

Muka ari blanda a wajen 'yan uwa. Mukan rufe ƙofar kicin mu markaɗa don kada ya ji ƙarar, mu zuba a kofi mu kai masa. Mu kuma sai mu ci namu a ɗakin baya, don muna ganin ƙamshin abinci zai sa masa baƙin ciki. Ya dubi abin da ke cikin kofin, ya dube ni.

"Uwar yara," ya ce da kyar, "ni jariri ne?"

Ya juya fuskarsa bango. Haka muka yi ta yi kusan wata guda. Ruwan shayi kawai yake kurɓa. Zarnigor tana ɗinkin kayan aurenta tana kuka a kansu. Ni kuma duk wanda ya tambaye ni sai in ce da sauƙi, domin ina jin kunyar a ce mutumin da yake zama kan gaba a kowace walima yau da cokali ake bin sa.

Katanga ɗaya ce tsakaninmu da Sharofat-opa. Wata safiya sai ga ta tsakar gida, ko ƙwanƙwasawa ba ta yi ba, tana kiran sunana.

"Tursun, ina ɓarawon rumman ɗina?"

Tun Nurmat yana yaro ta kama shi a kan bishiyarta, kuma har ya yi furfura ba ta daina kiransa haka ba. Na ce mata yana barci, opa. Ta ce, "Ƙarya kike yi, ina jin tarinsa." Ta wuce ni ta shiga ɗakin. Ta buɗe taga, ta sa ni da Zarnigor muka tura gadonsa har inda zai ga lambunsa. Tun da ya kwanta ba wanda ya taɓa lambun. Kabewa tana nan zube cikin busasshen ganye.

"Nurmat, nuna min wadda kake so."

Ya rufe ido.

"To shikenan. Zarnigor, je ki tsinko waccan ta bakin magudana, mai ɗan kore-koren nan."

Yarinyar ta fita da wuƙa. Tana duƙawa kan kabewar sai muka ji wani gurnani daga kan gado. Mutumin da ya yi kwanaki bai ce uffan ba yana ƙoƙarin ɗaga kai.

"Ba ta... nuna ba."

"Au, ashe da bakinka," in ji Sharofat-opa. "Ni me na sani da kabewa? To wacce?"

Ya ɗaga hannun hagu, ya nuna wata can gindin katanga, wadda rana ta fi samu.

A bakin ƙofar ɗakinsa ta sa aka ajiye ƙaramin murhun gas. Ta narka kitsen jelar rago, ta zuba albasa. Na ce, "Opa, ƙamshin nan zai dame shi." Ta ce, "Abin da nake so ke nan. Wa ya ce miki hancinsa ya shanye?" Ta dafa kabewar da karas da ɗan nama har suka yi laushi, ta juye a babban farantin nan mai shuɗin zane da muke fitarwa in an yi baƙi. Ta shimfiɗa ƙyallen abinci a kan gadonsa, ta kira mu duka.

"Daga yau a nan ake cin abincin gidan nan. Kuna ɓuya kuna ci kamar ɓeraye, kun bar mutum shi da bango."

Ta ɗauko gurasa mai zafi ta sa masa a hannun hagu. Maigida ne yake gutsura gurasa, kuma ba wanda zai kai hannu sai ya gutsura. Muka zauna muna jira. Ya daɗe yana kallon gurasar. Can ya danne ta a gwiwarsa ya ɓalle gefe, ya miƙa wa Sharofat-opa don ita ce babba. Ita kuwa ta jefa gutsuren cikin blandarta, ta ɗibi kabewa da nama da romo daga farantin da ke gabansa, ta danne murfi da tafin hannu, ta kunna a kan idonsa. Ƙara ta cika ɗakin.

"Taraktar Holmat," in ji Nurmat.

Zarnigor ta fashe da dariya, ta koma kuka. Sharofat-opa ta zuba masa a kwanon shayi, ta zuba wa kanta irinsa, ta zuba mana. Ba ta ba shi a baki ba. Cokalin ta sa masa a hannu, ta juya tana yi mini hirar tsadar mai kamar ba ta san yana wurin ba. Ta gefen ido na ga cokalin ya tashi. Rabi ya zube a rigarsa, rabi ya shiga.

"Gishiri ya yi kaɗan, opa."

"Likita ya hana. Ka kai ƙarata wajen mai unguwa."

Da muka fito tsakar gida na kama hannunta. Ta ce, "Ba ke kaɗai ba ce, kowa haka yake yi. A asibiti na gani. Mutum in bai san abin da ke cikin kofi ba, gani yake an gama da shi. Ki bar shi ya ga abincin da kamanninsa, ya ji ƙamshinsa, ya yi miki tsegumin girki. Markaɗe shi ne na ƙarshe."

Sharofat-opa, ke ce kika riƙe mana kakar nan. Ke ce kika zo da tumatirin ƙarshe da tattasai kafin sanyi ya ƙone su. Ke ce kika dafa wake da shinkafa kika zuba kindirmo, kika sa shi ya ce kindirmon ya yi tsami don dai ya sami abin faɗi. Da behi, ɗan itacen nan rawaya mai ƙamshi, ya nuna a lambunki, ke ce kika kawo masa guda ya riƙe yana shinshina tun safe, sannan da rana kika gasa shi da zuma kika markaɗa. Ranar da aka ɗauke wuta, ke ce kika zauna da rariya da bayan cokali kina murzawa har hannunki ya kumbura, kina zagin masu wuta da sunan kakanninsu, shi kuma yana dariya da rabin baki. Ko ɗanyen karas ba ki taɓa karɓa a hannuna ba. Da na matsa miki sai kika ce rumman ɗin da ya sace ma ba a biya ki ba.

Nurmat ya soma zama da kansa. Fuskarsa ta ɗan ciko. Ya fara cewa ranar biki da ƙafarsa zai tsaya, ba zai sa wa 'yarsa albarka a zaune kamar mai jiran mota ba. Kullum sai ya kama kafaɗata ya gwada, ƙafar ta lanƙwashe.

Ranar biki maza suka cika layi da sassafe don cin osh, dafa-dukan shinkafar da muke yi a biki. Sharofat-opa ta je bakin babbar tukunya ta karɓo faranti guda, shinkafa da karas da nama a sama, ta kai wa Nurmat ɗaki ya gani, ya ce mai dafawa ya cika mai, sannan ta markaɗa da romo. Ya ci osh ɗin bikin 'yarsa. Da yamma motar ango ta tsaya a ƙofa, aka ɗauko Nurmat a kujera. Ƙannensa biyu suka ɗaga shi. Ya yi iya ƙoƙarinsa, gumi yana zuba, ƙafar ta ƙi. Suka mayar da shi kujera. Ya buɗe tafin hagu, na dama yana kwance a cinya. Sai Zarnigor ta durƙusa cikin lulluɓinta, ta ɗago hannun da kanta, ta haɗa shi da ɗan uwansa. Ya yi addu'a. Kalmomin ba su fita sosai ba, amma duk layin ya ce amin.

Sharofat-opa ba ta wurin. Tana bayan gida tana wanke blandarta, ta katanga ta ji amin ɗin. A bikin an ba mai dafa osh riga, an ba makaɗa nasu, an raba wa mata yadi. Ba wanda ya kira sunanta. Abin yana damuna har yau.

Nurmat ya rasu kafin dusar ƙanƙara ta farko. Kwanakin da ba a hura wuta a gidan makoki, ita ce ta riƙa shigo mana da tukunya.

Yanzu idanunta sun yi rauni, ɗanta ya zo zai tafi da ita Tashkent. Na je yi mata ban kwana, na tarar tana raba irin kabewa a ƙananan ƙunshi don maƙwabta. Na fara godiya sai ta tare ni.

"Bari, Tursun. Tun ranar da kuka dawo da shi nake jin tarinsa ta katanga. Kullum sai in naɗe blandata in kai bakin ƙofa, in ce in na shiga ba a kira ni ba za ki ce na raina girkinki. Sai in koma. Wata guda na zubar ina jin nauyinki. Da na shigo tun farko, da yaron nan ya tsaya da ƙafarsa."

Na ce, "Opa, ni ma kullum sai in zo gindin katangar in kasa kiran ki."

Muka zauna cikin irin kabewa muka yi kukanmu.

Allah ne kaɗai ya san ko da zai tsaya. Abin da na sani shi ne 'yata ta fita gidanmu da albarkar ubanta, kuma da hannunki aka kai ga haka. Na gode, Sharofat-opa. Zarnigor ta gode. Allah ya ba ki wanda zai dafa miki a gaban idonki ranar da kike buƙata, ya jira ki gutsura gurasa kafin ya kai hannu.

Ku kuma matan Anorzor, ta bar mana irin kabewa, kuma kusan kowane gida yanzu akwai blanda. In kika ji tari ta bayan katanga, kada ki tsaya jiran a kira ki. Matar da ke ɗaya ɓangaren tana nan tsaye ita ma, kunya ce ta riƙe mata baki. Ki ɗauki bokitinki ki tura ƙofar.