Wuƙar da na hana wa shaida

Shekarun baya, lokacin da tashin hankali ya fara shigo mana yankin Bukkuyum, na yi wani abu da har yau in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni.

Ni maƙeri ne, gado na yi. Duk wuƙar da ta fito daga maƙerarmu akwai tsaga uku a gindin ruwanta, dab da ƙota. Shaidar gidanmu ke nan, ko a kasuwar Gummi aka tsince ta an san daga inda ta fito.

Ina da wani abokina Bafulatani, gwanin haɗa kibiya. Shi yake yanko kyauro, ya gyara, ya ɗaure da jijiya, ya naɗa jar fata a wutsiya, tasa shaidar. Duk jajiberin Babbar Sallah zai kawo mini kibau biyar, ni kuma in ba shi sabuwar wuƙar yanka. Da yake Fulani da maƙera abokan wasa ne, ba ya karɓa sai ya kushe ta. Ya ce wannan ko kabewa sai an roƙe ta. Ni ma in ce kibansa ko kaza ba za ta fasa kiwo don su ba.

A shekarar da nake magana, gari ya cika da raɗe-raɗi. Kowa kallon kowa yake. Aka fara cewa in an tsinci ƙarfe a inda aka yi ɓarna, maƙerin da ya ƙera shi za a fara nema. Wani maƙwabcina ya ja ni gefe kan abokin nan nawa ya ce, "Kai dai ka san hwuskatai, ba ka san inda yaka kwana ba."

Maganar nan ta zauna mini. Na dinga tono abubuwa. Me ya sa bara ya ce in ƙara wa wuƙarsa tsawo? Me ya sa wata biyu bai leƙo kasuwa ba? Mutumin da na sani shekara ashirin, cikin mako guda na gama yi masa shari'a a zuciyata, ni ne alƙali, ni ne mai shaida.

Hana shi wuƙa ba zan iya ba. Sai na yi dabara irin ta matsorata: na ƙera ta da kyau, na wasa ta har tana aske gashin hannu, amma ban sa tsagar ba. Inna ta gani ta ce, "Wagga hwa ba uba gare ta ba?" Na ce mantuwa ce. Ta dube ni kawai ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Ranar jajibere ya zo, ya rame, ashe jinya ya yi. Ya ajiye kibau, kowace da jar fatarta. Ni kuwa har ina leƙen bakinsu ko da dafi. Na miƙa masa wuƙa. Ya zare ta daga kube, ya kai babban yatsa gindinta, ya shafa, ya juya ɗaya gefen ya sake shafawa. Ina jiran zagi.

Sai ya ce, "Wuƙa ta yi kyau ƙwarai. Allah shi saka. Wa yaƙ ƙera ta?"

Ban taɓa jin yabo mai zafi irin wannan ba. Ya yi sallama ya tafi, ko ruwa bai sha ba. Bayan ya fita na zauna ina juya kibau, sai lissafin ya zo mini: in da abin tsoro, ai shi ma sunansa ya ajiye a ɗakina, sau biyar, bai kankare ko ɗaya ba.

Sallah ta zagayo bai zo ba. Na ji sun tashi sun koma wajen Gummi. Sai da na yi kasuwa uku ina cigiya kafin na same shi a gindin wata tsamiya, wuƙar na rataye a ƙugunsa. Na ce ya ba ni in mayar da ita wuta in sa mata shaida.

Ya yi dariya ya ce, "Kai maƙeri, tsoro ma sai ka yi mashi kube? Bar ta hakanan. Duk wuƙaƙen da kab ba ni, wagga ɗai ta gaya man gaskiyar abin da ke ranka."

Mun shirya, har yau muna musayar Sallah, yana kushe mini aiki kamar da. Na gane zato ba ya buƙatar hujja, abin da yake so kawai a ba shi wurin zama. Sai dai duk shekara in na miƙa masa sabuwa, kafin ya fara zagi, sai na ga yatsan nan ya tafi gindin wuƙa ya duba. A da ba ya dubawa.