Kunnen Ansumana Mai Gyaran Keke

Ansumana Baji bai taɓa tsoma baki a siyasa ba, kunnensa ne ya ja masa. Tun yana saurayi yake gyaran keke a gindin mangwaron bakin kasuwar Kanfasa, a yankin Foni, har furfura ta cim masa a wurin. Keke na tafe ta bayan masallaci, mai shi ya taɓa ƙararrawa, Ansumana ko ɗaga kai ba zai yi ba sai ya ce, "Ga Jere mai kifi nan." Kuma shi ɗin ne. Ya sha faɗa wa masu shan shayi a rumfarsa cewa duk duniya babu ƙararrawa biyu masu murya ɗaya. Da ya san inda wannan fariya za ta kai shi, wallahi da ya ɗinke bakinsa.

A Foni ba a tambayar mutum wa zai zaɓa. Shugaban ƙasa ɗan yankin ne, yarensu ɗaya, a zamaninsa kwalta da lantarki suka iso, 'ya'yansu ne cike da barikin soja. Ya daɗe a kan kujera, kuma daga majalisa har kotu babu mai ce masa ya isa haka. Can Banjul, babban birnin ƙasar, ana ta surutun a yanka wa shugaba wa'adi, ya yi biyu ya sauka. A Kanfasa kuwa ko cikin ɗaki ba a yin wannan maganar.

Gidan Ansumana sun san dalili. Ƙanin Nyima matar Ansumana, wani malamin makaranta, ya yi irin wannan maganar a motar haya, sai wasu mutane suka zo da mota marar lamba suka ɗauke shi. Alƙali ya ce a sake shi. Ba a sake shi ba, alƙalin aka ɗauke daga wurin. Tun daga nan Nyima ta daina waƙa in tana surfen shinkafa.

Ana jibi zaɓe sai ga Kebba Jarju, jagoran jam'iyyar Shugaba a garin, cikin koriyar riga. Tare suka shiga dajin kaciya da Ansumana, amma yanzu in ya gaishe ka sai ka koma gida kana tunanin me ka yi.

"Ansu, sarkin kunne! Aiki na kawo maka."

"Ina keken?"

"Wane keke? Zauna ka ji. Ranar zaɓe mutum ya shiga bayan labule, ya tarar da duro uku, kowane ɗan takara da nasa. Ya jefa ƙwallon gilashinsa a wanda yake so, ƙararrawar keken da ke ciki ta buga don a san ɗaya ya jefa. Ƙararrawa nawa ke nan?"

"Uku," in ji Ansumana.

"To, ba kai ke cewa babu biyu masu murya ɗaya ba? An ce min akwai munafukai a garin nan. Za ka zauna kusa da ni a gindin tagar ɗakin zaɓe. Wanda ya kauce wa koren duron Shugaba, ka taɓa min gwiwa."

"Haba Kebba, ai cika baki ne na wurin shayi. Na tsufa, kunnen ya tafi."

Kebba ya yi dariya, ya dafa kafaɗarsa. "Jiya ka gane keken limami tun daga gada. Kada mu yi haka da kai, ɗan'uwa. Gidanku dai an riga an san hanyarsa."

Ansumana bai faɗa wa Nyima ba. Ta ajiye masa shinkafa da miyar gyaɗa, ya juya cokali ya ture. Ta dube shi, ta ɗauke kwanon.

Ranar zaɓe shi ya fara shiga. Ya jefa ƙwallonsa a koren duro, ƙararrawar ta buga tas, siririyar murya. Ya fito ya zauna a benci, gwiwarsa na gogar ta Kebba. Mutane suka yi ta shiga. Duk wanda ya ɗaga labule, sai Ansumana ya ce a ransa, Allah ka shiryi hannunsa. Jere mai kifi ya shiga, siririyar murya. Limami, siririyar murya. Tsohuwa Sarjo da aka riƙo wa hannu, ita ma haka. Zufa ta jiƙa masa riga sharkaf, amma zuwa azahar ya fara jin numfashinsa na dawowa. Kai, ashe garin duk matsorata ne irinsa, alhamdulillahi!

Sai ga Nyima a layin mata, da tsohon zanenta na rini. Ba ta kalle shi ba. Ta karɓi ƙwallo, ta shige.

Ƙararrawar da ta buga kakkaura ce, mai ɗan tsagu a baki. Ko a barci aka tashe shi zai ce ba waccan ba ce. Ya danne hannuwansa biyu a ƙarƙashin cinya, don kada ɗaya ya motsa da kansa.

"Yaya?" in ji Kebba a hankali.

"Lafiya lau."

Nyima ta fito tana gyara ɗankwali, ta wuce gida kamar wadda ta je ɗebo ruwa. Ansumana ya zauna yana roƙon Allah ya kawo ko mutum uku su jefa a duron nan, ƙwallonta ya ɓace cikin nasu. Har aka rufe layi bai sake jin kakkauran sautin ba.

Da la'asar aka fito da durorin gaban jama'a. Aka juye koren, ƙwallaye suka cika faranti, mata suka rangaɗa guɗa. Na biyu babu komai sai yashin da ake zubawa a gindi. Aka juye na ukun, ƙwallo ɗaya ya gangaro, ya tsaya. Guɗar ta mutu.

Kebba ya juyo, kuma wannan karon bai yi ƙasa da murya ba. "Ansu, tun safe kana nan. Na wane ne?"

Duk idanu suka dawo kansa. Ya hango Nyima can baya cikin mata, ta buɗe baki za ta yi magana. Ya san ta, in ta fara ba ta fasawa. Ya yi wuf ya miƙe.

"Ai shi ya sa ban taɓa maka gwiwa ba, Kebba," ya ce. "Nawa ne."

Kebba ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya ciro waya daga aljihu, ya koma gefe yana neman lamba.