Baƙin tabon da ke tafin ƙafar Kawu Labbo

Kai mai karanta wannan, yaushe rabonka da duba tafin ƙafar mahaifinka? Ina tashar Kaura ranar Talata wani direban Shinkafi ya kira ni gefe, ya ce Kawu Labbo na Badarawa ya rasu da hantsi. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ƙanen mahaifiyata ne, kuma abin da ya kashe shi ya faro ne daga tabon da bai kai ƙwayar wake ba.

Manomi ne. Ba ya wuce ƙaya a hanya bai tsince ta ba. Yakan ce wadda ka tsallake, mai tafiya bayanka ka bar wa. Da tabon ya fito, mai shagon magani ya leƙa ya ce tsohuwar ƙaya ce, ya ba shi man shafawa. Damina biyu Kawu yana shafa mai, yana noma, tabon yana faɗi yana tsattsafo da jini.

Sai da kaluluwa ta cika masa matsematsi muka kai shi Sakkwato. Sankarar fata ce. Aka yanke wurin, aka ɗora shi kan magani, kumburin ya sace har ya koma sallah a tsaye. Bayan wata huɗu ciwon ya dawo ya fi na da zafi. Aka sauya magani, bai ko gezau ba. Likita yana ta neman yadda zai faɗa mana cewa ciwon ya saba da maganin, Kawu ya taimake shi.

"Kamar tsutsar wake ke nan, likita. Bara feshi na kashe ta, bana sha takai ta ƙoshi."

Likitan ya ce haka ne, Baba, kuma da an zo tun tabon yana ƙarami, wuƙa kaɗai ta isa. Kawu bai zagi kowa ba. A mota ce mini ya yi in riƙa duba ƙafar Inna, mahaifiyata.

Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya raya marayunsa, ya ba iyalinsa haƙuri.

Shi ya yafe, ni ban kai can ba. Tun zuwan Shari'a kullum lasifika na faɗa mana haƙƙi ba ya faɗuwa ƙasa. To mai shagon nan yana nan, man yana kan kantarsa. Wanda ya ba shi izinin duba marasa lafiya ya tashi bayan sallar Juma'a, gaban jama'a, ya faɗa mana: haƙƙin damina biyun nan, a wuyan wa yake?