Kwana takwas ina jan jakar Baba a filayen golf na Ireland

Mun tashi da asuba ni da uwargida, duk da cewa jirgin sai bayan Magariba zai ɗaga, don shirya tsoho mai shekara tamanin da ɗaya aikin yini guda ne. Ta cusa mini kwalbar yaji da dabino a jaka, na sha shayi a tsaye, na gangara tashar Burnside a nan birnin New York na hau jirgin ƙasa mai lamba huɗu zuwa Woodlawn, unguwar tsohon, inda layin ya ƙare.

Ga waɗanda ba su san aikina ba, shekarata shida ina kula da wani dattijo ɗan asalin Ireland a gidansa: wanka, magani, abinci, kai shi asibiti. Baba nake ce masa, har ya saba yana amsawa. Tsohon makanikin bas ne, kuma tun da ya yi ritaya ba shi da zance sai golf. Burinsa ya buga a filayen ƙasarsu na bakin teku, waɗanda yana saurayi ta bayan shinge kawai yake hangowa. Da na faɗa a masallaci, wani abokina ɗan Kumasi ya ce, “Alhaji, ka zama big man ke nan. Vacation, hutu har da golf?” Na ce masa ni ɗan dako ne mai fasfo.

Muna loda kaya 'yar Baba ta ja ni gefe. Ita kaɗai gare shi, kuma ita ke yanke komai. Ta ce, “Mantuwarsa ta fara ba ni tsoro. Za ka zauna da shi dare da rana. In kun dawo ka faɗa mini gaskiya, ko zai iya ci gaba da zama a gidansa, ko lokacin gidan tsofaffi ya yi.” Na ce to. Ba sai an yi mini bayani ba: ranar da aka kai Baba can, ya rabu da gidansa ke nan, ni kuma aikina ya ƙare.

Mun sauka filin jirgin Shannon na Ireland gari na wayewa, idona kamar an zuba yashi. Ɗan ƙanwar Baba ne ya tarbe mu, manomi mai kimanin shekara sittin, wanda Turancinsa kashi ɗaya cikin uku nake tsinta, sauran in gyaɗa kai. Hanyoyinsu na ƙauye ba su fi lungun unguwa faɗi ba, katangar dutse hagu da dama, kuma a hannun hagu ake tuƙi. Duk motar da ta taho sai in runtse ido in yi salati. In tarakta ta shiga gabanku, to kun samu jagora har garin gaba, babu mai yin hon. Kore kuwa har ya gundure ni. Tumaki ko'ina, kowacce da shafin fenti a gadon baya, ga ƙiba, ba mai ko kallonsu.

A ƙananan masaukai muka riƙa kwana, irin gidajen da matar gida ke dafa karin kumallo da kanta. Safiyar farko aka dire mini faranti mai naman alade kala uku, har da wani baƙi da aka ce da jini ake yin sa. Na ba ta haƙuri, ita ma ta yi ta ba ni haƙuri, daga nan na koma ƙwai da burodinsu mai ruwan ƙasa da man shanu, da rana kifi da dankali. Dankali dai ba ya fashi: dafaffe, soyayye, dakakke, wani lokaci biyu a faranti ɗaya. Yajina bai kai kwana biyar ba, don ɗan ƙanwar ya ɗanɗana, ya yi tari har da hawaye, sannan ya riƙa miƙo hannu kullum.

Filin farko a yankin Clare yake. Kuɗin shigar mutum ɗaya ya kusa cefanen gidana na sati biyu, kuma abin da aka saya da shi tafiyar ƙasa ce cikin iska. Wasan dai ramuka goma sha takwas ne warwatse tsakanin tuddan yashi, kana dukan 'yar ƙwallo da sanda har ta faɗa kowanne, wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Ni aikina jan keken jakar sanduna, hawa da gangara, ga jakar magani a kafaɗa. Ruwan sama ya zo sau huɗu kafin Azahar, ba daga sama yake sauka ba, daga gefe yake zuwa. Na yi sallah a bayan wani tudu, gwiwoyina sharkaf. Da muka koma mota bayana ya riƙe, sai da na kama ƙofa na zauna a hankali, tsohon da nake jinya yana tambayata ko lafiya.

Don Baba a fili wani mutum ne daban. Wanda a gida yake neman tabarau alhali yana kan hancinsa, a nan sai ya tsinki ciyawa ya watsa sama, ya ga inda iska ta nufa, ya kira lambar sandar da yake so ba kuskure. Ramuka tara yake iyawa, ran da jiki ya yi daɗi sha biyu. Muka gangara yankin Kerry, muka buga fili biyu, na fara shirya daddaɗan labarin da zan kai wa 'yarsa.

Ranar Laraba na farka ƙarfe bakwai na ga gadonsa wayam, babu takalmansa. Ni da ɗan ƙanwar muka bazama, ni a ƙafa shi a mota. Minti arba'in muna nema, kuma ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba, don garin a bakin gaɓar teku yake. A mararraba na same shi, ya ɗora kwat a kan kayan barci, yana tsaye a tashar bas. Ya ce bas ɗin Fordham ta can New York yake jira, zai ɗauko matarsa daga asibiti. Shekararta tara da rasuwa. Na kama hannunsa, sanyi ƙalau, na ce an sallame ta, mu je mu sha shayi. Zuwa hantsi ya dawo daidai, bai ma san an yi ba.

Ɗan ƙanwar ya ce mini a bakin mota, “Gajiyar tafiya ce. Ba sai 'yarsa ta sani ba.” Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗin maganar. Ina son tsohon nan, na san gidan tsofaffi zai karya shi, kuma ni ma na kai shekarun da fara sabon aiki a gidan baƙo ke ba ni fargaba. Na yanke a raina zan yi shiru.

Filin ƙarshe yana arewa da garin Galway, ƙarami, shanu na kiwo a gefensa. A rami na bakwai ƙwallon Baba ta faɗa cikin doguwar ciyawa. Ya sunkuya yana kawar da wani kara, ni ina can ina fama da keken da ya kafe a yashi, ɗan ƙanwar kuma ya yi gaba. Da muka gama ramin na ɗauko kati zan rubuta bugu shida, don ni ke ƙirga masa. Ya ce in rubuta bakwai, wai ƙwallon ta motsa lokacin da ya taɓa karan, kuma doka ta ce a ƙara ɗaya.

Na ce, “Baba, ba wanda ya gani. Ko ni ban gani ba.”

Ya ce, “Wasan nan ba alƙali a fili. In ban faɗa ba, wa zai faɗa?”

Na rubuta bakwai. Sauran ramukan ban san yadda muka gama su ba, jakar ta yi mini nauyi fiye da kullum.

Mun dawo New York ranar Asabar da rana, zafi ya tare mu tun daga ƙofar filin jirgi. Da muka isa gida 'yar Baba ta so mu keɓe a kicin, na ce a'a, a gabansa zan faɗa. Na ba da labarin iska da sanduna da ramuka sha biyu, sannan na ba da na Laraba, ban rage komai ba. Ta rufe baki da hannu. Baba ya daɗe yana kallona, ya ce, “Haka na yi?” Na ce haka aka yi. Ya gyaɗa kai. Bayan sati biyar aka kai shi gidan tsofaffi a garin Yonkers, ni na naɗe masa kayansa.

Abin da tafiyar ta koya mini ba shi da yawa. Na gane cewa hutun wani aikin wani ne, kuma na gane rufin asirin da na so yi wa tsohon nan rabinsa kaina nake rufa wa. Yanzu ina aiki a unguwar Queens, jirgin ƙasa biyu da bas kafin in isa, kuma har yau ban tabbata na kyauta masa ba.

Lahadin da ta wuce na je gaishe shi. Ya dube ni sama da ƙasa, ya tambaya ko ni ne sabon ma'aikacin. Na ce a'a, ni ne na ja masa jaka a Ireland. Ya ce, “To lallai ka sha wahala.” Sai ya matsa mini wuri a bakin gado, ya ce in zauna in huta.