Ranar da Aka Sauya wa Kwamanda Hurgal Baki

Duk wanda ya saba shiga keken Elias daga Bagadaza zuwa babbar kasuwa ya san dokarsa: ba a kunna fim ɗin fassara a cikin kekensa. Ka kunna a wayarka, ya taka birki ya ce ka sauka, ko da a tsakiyar titi ne. Fasinjoji na cewa baƙin hali ne. Ba baƙin hali ba ne, kuma duk wanda ya san mafarin abin zai ce mutumin nan ma ya yi haƙuri.

A Gombe aka haifi Elias, amma iyayensa Tangale ne daga wajen Kaltungo. Babansa kafinta ne, ya rasu tun Elias yana sakandare. Uwarsa, Mama Lois, ita ta riƙe gidan da tiren dafaffiyar gyaɗa da gasasshiyar masara. Ta tsufa a garin nan, amma Hausarta ba ta taɓa miƙewa ba. Tana jan ƙarshen magana, harshenta na tuntuɓe a wasu kalmomi, kuma tun tana amarya 'yan kasuwa ke kwaikwayonta da zarar ta juya baya. Ta sani sarai. Abin da take rufe kowace hira da shi guda ne: "To, Allah yana nan, yarana."

Shi kuwa Elias Allah ya hore masa baki. Tun yana saurayi yake tafinta a coci, fasto ya faɗa da Turanci shi ya mayar da Hausa, har tsofaffi suka fi kallonsa a kan fasto. A wani biki Mudathir ya ji shi yana riƙe da makirfo. Mudathir ɗan kasuwa ne, iyayensa mutanen Katsina, yana da situdiyon fassarar fina-finai a Jekadafari, wani ɗan ɗaki da aka manne bangonsa da soson katifa da kwalin ƙwai don kada hayaniyar titi ta shiga. Ya ɗauki Elias aiki a ranar.

Aikin fassara yana da tsarinsa. Ana rage sautin fim, mutum ɗaya ya zauna gaban kwamfuta ya yi muryar kowa: jarumi, mugu, tsohuwa, har da jariri in ya yi kuka. Elias ya ƙware har ya wuce misali. Yana iya sa ɗan Indiya ya rantse zai bi mutum har Nasarawo, 'yan kallo su yi ta dariya. Masu tura fina-finai a waya suka fara tambaya, "Na Elias ne?" kafin su karɓa.

Ana haka Mudathir ya sauko da wani dogon fim mai kashi-kashi na yaƙin sararin samaniya, ya raɗa masa suna Dakarun Jan Tauraro. Labarin wata duniya ce da baƙi suka mamaye don haƙar ma'adininta, suka mayar da 'yan ƙasa leburori. Jagoran masu tawaye shi ne Kwamanda Hurgal, wani dogon halitta mai fata kalar toka, ido huɗu, ɗaya ya ƙone a yaƙi, ba shi da hanci sai wasu tsagogi a wuya da yake numfashi da su. Mummuna ne na gaske, amma in ya tsaya gaban mutanensa sai ka manta da muninsa.

Matsalar ita ce 'yan mamaya da Turanci suke magana, Hurgal da mutanensa kuwa da wani yare da masu fim suka ƙirƙira, kuma kwafin da Mudathir ya samo babu rubutun fassara a ƙasa.

"Oga, me zan ce yana faɗa?" in ji Elias.

"Kai ma dai! Faɗi duk abin da ya zo bakinka. Wa ya sani?"

Elias ya koma gida yana tunani, ya tarar da Mama Lois tana yi wa mai gidan haya faɗa a kan rijiyar da ya kulle. Hausa ta ƙare mata, ta koma Tangale, tana nuna shi da yatsa. Mutumin ba ya jin ko kalma ɗaya, amma ya je ya ɗauko makulli. Washegari Elias ya zauna gaban makirfo ya ba Hurgal yaren uwarsa. In Kwamanda ya gama magana, sai ya sassauta murya ya taƙaita ma'anar da Hausa, don kada a bar kowa a baya.

Tangalen Elias na ɗan birni ne, bai kai ya ja runduna ba. Don haka kullum da yamma yakan zauna kusa da tsohuwar tana ɓarar gyaɗa, ya ba ta labari. "Mama, sun ƙone masa gari, sun kama ƙaninsa. Me zai ce wa mutanensa?" Hannunta na aiki, sai ta faɗo magana mai nauyi irin wadda ake yi a gidan makoki. Ya maimaita, ta gyara masa, wani lokaci har da ranƙwashi. Bakin Elias ne ke fita a fim, amma duk jawabin Hurgal nata ne.

Fim ya karɓu. Daga Billiri da Kaltungo ake zuwa neman sabon kashi. Ma'aikata 'yan kudancin jiha da suka daɗe suna rage murya in za su yi yarensu a ofis suka fara gaisawa da shi a fili. Hatta yaran da ba sa jin Tangale sun haddace kiran yaƙin Hurgal suna yi a filin ƙwallo. Abin da ya fi taɓa Elias a gidansa ya faru. 'Yarsa Olivia, wadda in kakarta ta yi mata yare take amsawa da Turanci tana yatsine fuska, ita ce ta zo tana tambaya, "Kaka, abin da Kwamanda ya ce jiya, yaya ake faɗinsa daidai?"

Daɗi ya cika Mama Lois. Wata rana ta ci ado, ta cika kwano da gyaɗa mai zafi, ta hau keke har Jekadafari don ta gode wa mutanen da suka sa yarenta a talabijin. Mudathir ya tashi ya ba ta kujera. Iro, mai haɗa sauti, wanda ya daɗe yana cin rai don ba a taɓa ba shi makirfo ba, ya yi ta jan ta da hira yana dariya. Ta ɗauka son ta yake yi. Da za ta tafi ta ɗaga musu hannu: "To, Allah yana nan, yarana." Suka cinye gyaɗar tas.

Saura kashi na ƙarshe, inda Hurgal zai mutu, Mudathir ya kira Elias.

"Dillalan Kano sun ga fim ɗin, suna so. Amma sun ce wannan yaren ba zai shiga ba. Dodo ne fa, Elias. Ka mayar da shi abin dariya, ya riƙa gwamutsa Hausa irin ta mutanenku. Shi ke tafiya."

"Irin ta mutanenmu?"

"Kar ka ɗauke shi da zafi, kasuwa ce."

"Oga, mutumin nan an kashe masa kowa, yanzu zai mutu a gaban jama'arsa, kai kuma kana so a yi dariya? Na riga na ɗauki muryar. Yadda ya rayu haka zai mutu. In ba haka ba, nemi wani."

Mudathir ya yi murmushi ya dafa kafaɗarsa. "Shi ke nan, ba komai. Je ka huta." Elias kuwa, da yake shi ba munafuki ba ne, ya ɗauka magana ta ƙare.

Ranar Asabar aka aiko masa da kashin ƙarshen a memori. Bai duba ba. Don me zai duba aikin da ya yi da bakinsa? Ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, Mama Lois ta sa aka fito da talabijin tsakar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka tayar da janareta. Matan ƙungiyar zumunta ta coci suka zo da kayan cocinsu, maƙwabta Musulmi suka leƙo, Olivia ta gayyato ƙawayenta na makaranta. Tsohuwar ta zauna a gaba, don ita ta san abin da Hurgal zai faɗa. Mako guda ta yi tana tsara shi.

Aka harbi Kwamanda. Ya durƙusa, mutanensa suka kewaye shi, ya ɗaga kai ya buɗe baki.

Muryar Iro ce ta fito, a maƙale, irin ta tsohuwa, tana jan ƙarshen magana, tana tuntuɓe a daidai kalmomin da Mama Lois ke tuntuɓe. Hurgal ya ce a taimaka a saya masa gyaɗa kafin ta huce. Aka saka naɗaɗɗen sautin dariyar jama'a a baya. Sannan, yana faɗuwa, ya ɗaga hannu ya ce, "To, Allah yana nan, yarana."

Wata ƙawar Olivia ta tuntsire da dariya, ta kama bakinta. Ban da ita babu wanda ya motsa. Duk wanda ke tsakar gidan nan ya san muryar wa aka ɗauko. Mace ta dafa gyaɗa da hannunta, ta kai muku har wurin aikinku, ku ci, ku lashe yatsu, sannan ku cire maganar bakinta ku liƙa wa dodo don Kano ta yi dariya! Wannan ba kasuwa ba ce, rashin mutunci ne tsagwaronsa.

Idon Elias ya rufe. Ya shiga ɗaki ya fito da gudumar babansa, ya nufi ƙofa. Jekadafari zai je, kuma ba kwamfuta kaɗai yake nufi ba.

"Ajiye," in ji Mama Lois da Tangale, ba ta ko juyo ba. "Mayar da fim ɗin baya. Kashe sautin. Mutum yana mutuwa, ba za a bar shi da wannan bakin ba."

Ya ajiye gudumar. Ya mayar da fim baya, ya kashe sauti, ya tsaya gefen talabijin. Hurgal ya ɗaga kai, Elias ya fara jawabin, ya yi jimla biyu, ya kasa ci gaba. Sai tsohuwar ta karɓa daga inda take zaune. Ta faɗa wa mutanen Hurgal kada su binne shi da kuka, su binne shi da sunayen garuruwan da aka ƙone, su koya wa 'ya'yansu su. Muryarta ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Matan zumunta suka yi ta share hawaye da gefen zane. Ba wanda ya tuna ya ɗauka a waya.

Na Iro kuwa ya zaga gari kafin mako ya zagayo. Elias bai sake taka situdiyon ba, ya karɓi keke ya shiga titi. Da Mama Lois ta fita da tirenta, wasu 'yan acaɓa suka hango ta suka haɗa baki, "Allah yana nan, yarana!" Ta tsaya ta dube su, ta juya ta koma gida.

Daga ranar ba ta sake yin Hausa ba, ko da kalma ɗaya, ko a kasuwa ko a gida. Mai sayen gyaɗa ya nuna, ta nuna masa kuɗin da yatsu. Wanda yake son magana da ita sai ya zo mata da yarenta. Olivia takan zauna kusa da ita da yamma tana haɗa kalmomi da ƙyar, tsohuwar tana gyara mata. Maƙwabciyarsu A'i, wadda suka yi shekara da shekaru suna hira ta kan katanga, har yau takan leƙo kowace safiya ta ce, "Mama, ina kwana?" Mama Lois takan ɗaga mata hannu kawai.